Rantsuwar da Ƙanena Ya Yi a Kumasi

Sunana Lawal, mai kilishi ne ni a Unguwar Shanu ta Kaduna, sana'ar da na gada a hannun mahaifinmu. Wannan labarin tafiyar da muka yi ne zuwa Kumasi ta ƙasar Gana neman kasuwar kilishi, ni da ƙanena Rabi'u. Shi ne autanmu, amma lokacin ba yaro ba ne, yana da mata da 'yarsa ɗaya. Ba zan tsaya a kan fitarmu ba, sai dai maganar da Inna, mahaifiyarmu, ta yi mini. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunana. Ta ce, "Kai, ka tafi da Auta ya sha iskar wani gari, ko ya rabu da abokan ƙwallon nan nasa. Amma ka dawo min da shi in gan shi da idona." Na ce to.

Abokan ƙwallo take ce musu, ni ma haka na ɗauka. Na san yana yawan zama a wani shago mai talabijin a bakin titi, na san matarsa ta taɓa yin yaji a kan keken ɗinkinta da ya ɓata a ɗaki. Ban taɓa haɗa abubuwan biyu ba.

Rabi'u ya gama sakandare, ni kuwa a lokacin ko sunana ba na iya rubutawa. Saboda haka tun daga Legas takardunmu suka koma aljihunsa, jarinmu kuma ya shiga wayarsa. Ni na riƙe buhun yaji da tunkuza, da wuƙar Baba naɗe cikin tsumma. Da ita mahaifinmu ya yi kilishi har ya rasu, ta sha washi har ta zama siririya kamar ganyen rake.

A bodar Seme wani mutum ya tare mu, Hausa ce a bakinsa kamar ɗan Tudun Wada. Ya ce, "'Yan gida ne ashe! Wace unguwa?" Ya karɓi katin rigakafinmu, ya duba, ya girgiza kai, ya ce wannan ba zai wuce ba. Ya ja mu bayan wata rumfa ya sayar mana da sabo. A shinge na gaba jami'in ya ɗaga sabon katin ya yi dariya, ya yayyaga shi a gabanmu. Namu na gaskiya kuwa ɗan Tudun Wada ya tafi da shi. Muka yini a rana a kan benci har suka gaji da ganinmu, suka caka wa buhun yajina ƙarfe, suka ɗebi abin da suka ɗiba, suka ce mu wuce.

A Kwatano da Lome ban ga gari ba, tasha kawai na gani. Kowa na magana, ba na jin ko kalma ɗaya. Wata tsohuwa mai biredi a tashar Lome ta ga ina neman inda zan yi salla, ta janye farantinta, ta shimfiɗa mini kwali, ta miƙo mini ruwanta na sha in yi alwala. Har yau ina yi mata addu'a ban san sunanta ba. Da na idar, na tarar da Rabi'u tsugune jikin tayar mota, ya ƙura wa waya ido, gumi na zuba a goshinsa. Can sai ya buga cinyarsa ya ce, "Kai! Saura wasa ɗaya!"

Na ce, "Wane wasa?"

Ya ce, "Ƙwallo ce, Yaya. Ba za ka gane ba."

A Aflawo, bodar shiga Gana, suka ga wuƙar Baba suka ce sai sun karɓe. Na durƙusa, na yi ta roƙo da hannu da baki, na fito da ɗan kilishin guzurinmu na ba su. Babbansu ya ci, yaji ya sa shi tari, sauran suka yi masa dariya, a cikin dariyar ya wurgo mini wuƙata. Rabi'u ya ce, "Yaya, a kan tsohon ƙarfe ka durƙusa wa ƙato?" Na ce masa ƙarfen nan shi ya biya kuɗin makarantarsa.

A Kumasi muka sauka a zango, unguwar da Hausawa da sauran baƙin arewa suke zaune, gidan Alhaji Ɗan'asabe. Kakansa ne ya zo daga Katsina fataucin goro bai koma ba. Al'adarsu a can, baƙo ba ya kama sana'a sai mai masauki ya tsaya masa. Alhaji ya kai mu kwata da kansa, ya ce wa mahauta, "Waɗannan nawa ne, ku ba su nama." Daga ranar, duk abin da muka yi, sunansa ne a kai.

Wanda ya ba mu labarin kasuwar kilishi a Kumasi bai yi ƙarya ba, masu so suna da yawa. Abin da bai faɗa mana ba shi ne ruwan sama. Kilishi rana yake so. Za ka yanka naman fale-fale, ka shanya ya bushe, ka tsoma shi a labu, wato kwaɓin tunkuza da yaji, ka sake shanyawa. A Kaduna kafin la'asar ka gama. A Kumasi rana za ta leƙo mu shimfiɗa, kafin mu juya baya hadari ya haɗu. Ko ba a ruwa, iskar kanta jiƙe take. Naman ya yi ta yauƙi, ya yi kore-kore, mu kwashe mu zubar. Na yi kewar ranar garinmu kamar yadda ake kewar mutum. Na yi kewar kunun tsamiyar Inna da hayaniyar tashar Kawo. Abincinsu na rogo da ayaba ya ƙi zama a cikina.

Wadda ta cece ni wata Ba'ashantiya ce, Mame Akosuwa, mai sayar da wake da shinkafa a rumfar da ke kusa da wurin shanyarmu. Kirista ce, Hausarta ba ta wuce ta ciniki ba. Sunana ya gagare ta, sai take ce mini Kaduna. "Kaduna, zo ci." Idan ta ga na zubar da nama, ranar ba ta karɓar kuɗina.

Tsallaken titi akwai wani shago mai fenti, da talabijin jere a bango, da kujeru, da rufi mai kyau. Da ruwa ya sauko, ni sai in lulluɓe nama da leda in fake a rumfar Mame. Rabi'u kuwa sai ya ce, "Yaya, bari in fake can." A garin da ake ruwa kusan kullum, kusan kullum yana can.

Ranar da abin ya fito fili, na tashi da safe na laluba tsumma, babu wuƙar Baba. Na tambayi Rabi'u, ya ce ƙila a kwata na manta ta. Kafin azahar sai ga mahaucin da yake ba mu nama ya zo wurin Alhaji, ya ce tun da muka fara karɓa sau ɗaya tak aka biya shi. Ni kuwa kullum Rabi'u na ce mini ya tura ta waya, har yana nuna mini rubutun, ina gyaɗa kai. Na je rumfar Mame na zauna. Ta dube ni, ta nuna shagon can da ludayi, ta zaro aljihun rigarta waje ta kaɗa shi. Sannan ta ɗaga wuƙar yanka albasarta, ta sake nuna shagon.

Bayan la'asar Alhaji ya tara dattawan gidan a ƙofar gida. Rabi'u ya durƙusa a tsakiya, kansa a ƙasa. Bai musa komai ba. Jarinmu ya tafi a cacar ƙwallo a shagon can, kuɗin naman mutane ya tafi, wuƙa ya sayar wa wani mai tsire a wata unguwa.

Alhaji ya ce, "Kai ɗan boko, da kakana ya zo garin nan da ƙafa, amana ya zo da ita, ba waya ba. Ka san abin da ka yi wa sunana a kwata?"

Rabi'u ya ce, "Na tuba, Alhaji. So nake in mayar da abin da ya tafi, shi ya sa nake komawa."

"Ka ji shi! Ya faɗa rijiya, yana haƙa ƙasa don ya fito."

Alhaji ba mugun mutum ba ne. Ya ce shi zai ji da mahauta, mu biya shi a hankali. Amma ya ce a gidansa akwai yadda ake yi wa mai irin wannan hali. Ya sa Rabi'u ya yi alwala, aka ɗauko Alƙur'ani. Sai ya ce, "Yaran yanzu kun raina rantsuwa, kun saba da wallahi kamar gaisuwa. Faɗa mini, wa ka fi so a duniya?"

Rabi'u ya ce, "Inna."

"To da ita za ka rantse."

Ya dafa Alƙur'ani, Alhaji na faɗa yana maimaitawa: idan ya sake yin caca, kada Allah ya sa ya ƙara haɗa ido da mahaifiyarsa. Dattawa suka shafa. Wani a cikinsu ya ce, "Wannan kam an ɗaure shi tamau." Duk muka tashi da sanyin rai, har da ni. Wa zai karya irin wannan?

Muka bar kilishi muka koma tsire, tunda shi wuta yake so ba rana ba. Alhaji ya ara mini wuƙa. Rabi'u ya dage da aiki, shi ne tsira nama a tsinke, shi ne hura wuta. Ko kallon tsallaken titi ba ya yi. Sai dai ya daina dariya, ya rame, idan aka fara ruwa sai ka ga yana murza hannuwansa kamar mai jin sanyi. Waya kuwa tana hannunsa, don masu saye da yawa da ita suke biya, ni kuma ban iya duba ta ba.

Makonni suka wuce. Wata safiya wani mutum ya zo ya ba da aikin tsiren suna, ya tura kuɗin gaba ɗaya a wayar Rabi'u. Na tafi neman itace, ruwa ya tsare ni a hanya. Da na dawo wuta ta mutu, nama na nan a rufe, Rabi'u ba ya nan. Mame ta ce bai tsallaka titi ba. A kan benci ya zauna da wayar, yana ta latsawa har ruwa ya ɗauke. Sannan ya ajiye ta a ƙarƙashin farantin nama, ya miƙe ya bi hanya. Ashe shagon yana cikin wayar ma.

Na neme shi kwanaki. Na shiga babbar kasuwar Kejetiya, wadda mutum zai yini bai ga ƙarshenta ba, ina nuna hotonsa ga 'yan dako. Na bi tashoshin mota, na bi masallatai. Wani ya ce ya san inda yake, ya karɓi kuɗin mota a hannuna, ya shiga wani lungu bai fito ba. Inna ta sa aka kira ni a waya, ta ce, "Ina Auta? Na kwana biyu ban ji muryarsa ba." Na ce ya je kwata. Daga ƙarshe Alhaji ya ce mu je ɗakin ajiye gawa. Ma'aikacin ya riƙa jawo waɗanda ba a san danginsu ba, yana buɗe fuska, ina cewa ba shi ba ne. Akwai wani saurayi mai tsagar Gobirawa a kumatu. Na tsaya a kansa na daɗe. Shi ma wata ce ta ce a dawo mata da shi.

Mame ce ta samo shi. Ta baza labari a cikin matan cocinsu, wata mai shara a wani asibiti a gefen gari ta ce an kawo wani Bahaushe da aka tsinta a bayan tashar mota ya sha guba, ya farfaɗo amma ya ƙi faɗin sunansa. Mame ta rufe tukunyarta da rana tsaka, ta ɗaura ɗankwali, ta ce, "Kaduna, tashi."

Na same shi kwance, leɓunansa sun tsattsage. Da ya gan ni sai ya juya fuskarsa bango. Tambayar farko da ya yi mini ita ce, "Inna tana da rai?"

Na ce, "Lafiyarta ƙalau, jiya ma mun yi magana."

Sai ya fashe da kuka irin wanda ban taɓa ji a bakin babban mutum ba.

Da jikinsa ya yi ƙwari suka mayar da shi sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa. Ban so ba. Na ce wa ma'aikacin wurin ƙanena ba mahaukaci ba ne. Sunansa Fuseini, wato Husaini a bakin mutanen can, ɗan zango ne, gajere mai sanƙo, yana jin Hausa irin tasu. Na ce masa likita, ya ce shi nas ne, kada in jawo masa faɗa da manya. Ya ja mini kujera a baranda.

Ya ce, "Malam Lawal, ban ce mahaukaci ba ne. Amma mutumin da ya san wuta ce, yana kuka, yana sake sa hannu, ba ka ganin akwai abin dubawa?"

Na ce, "Son kuɗi ne. Ko kuma an yi masa asiri."

"In son kuɗi ne, ranar da ya ci me ya saya? Ka taɓa ganinsa da sabuwar riga?"

Ban taɓa gani ba.

Ya ce, "Abin da ya ci, nan take yake mayarwa. Ba cin ne ya kama shi ba, jiran ne. Lokacin nan da zuciya ke bugawa kafin a tashi wasa. Kuma masu abin sun san aikinsu. Za su bar shi ya ci wasa tara, na goma ya faɗi, ya tashi yana cewa saura kaɗan. Saura kaɗan ɗin nan ya fi ci daɗi a ƙwaƙwalwa. Yau da gobe sai ta saba, ta riƙa nema kamar yadda mai shan taba yake nema."

Na tuna tashar Lome. Na ce, "To ku ba shi magani."

Ya ce akwai maganin da za su ba shi don baƙin cikin da ya danne shi da rashin barci, amma babu ƙwayar da ake haɗiya caca ta fita. Zama ne da magana, a koya masa gane abin da ke tayar masa da sha'awar, da abin da zai yi idan ta taso har ta lafa, don takan lafa. Ya ce sun gano na Rabi'u: zaman banza, da ƙarar ruwa a kan kwano, da kuɗi a hannu. Ya kuma ce abin ya girmi zuwanmu Kumasi da shekaru. Keken ɗinkin matarsa ma can ya tafi. Sauya gari ba ya magani, tunda da kansa ya taho.

Sannan ya ce, "Waye ke riƙe kuɗinku?"

Na ce, "Shi. Shi ne mai karatu."

Fuseini ya shafa sanƙonsa ya ce, "Kun ba mai azumi gadin tukunya. Daga yau kai ne za ka riƙe, ko na sabulu ne a hannunka zai karɓa. Kuma ka ji wannan da kyau, don shi ne mai wuya: zai iya sake yi. Yawancinsu sai sun faɗi sun tashi. Abin da muke nema, idan ya faɗi ya zo ya faɗa, kada ya ɓoye. Wannan rantsuwar da kuka sa shi, ƙofar dawowa ta rufe masa."

A nan na ji abin da Rabi'u ya gaya masa. Tun da ya karya rantsuwar ya tabbata a ransa ba zai sake ganin Inna ba, ɗayansu zai mutu kafin su haɗu. Sai ya ga gara ya zama shi.

Da aka zo maganar sallama na ce wa Rabi'u mu tafi gida, akwai asibitin irin wannan a Kaduna, Fuseini zai ba mu takarda. Ya ce, "Yaya, ka tafi kai kaɗai. Muddin ina nan, tana can da ranta. Ranar da na kama hanya, kashe ta zan je yi."

Na lallashe shi, na yi faɗa, na yi shiru, duk a banza. Fuseini bai yi masa gardama ba. Ya ce wannan ba fanninsa ba ne, ya tafi ya ɗauko limamin wani ƙaramin masallaci da ke bayan asibitin, tsoho tukuf mai sanda. Liman ya saurari labarin har ƙarshe, ya ce, "Wa ya tsara maka wannan rantsuwa?" Aka faɗa masa. Ya ce, "Allah ya shirye mu, mu tsofaffi. Ɗana, kwanan mahaifiyarka a bakinka aka ajiye shi? Kai wane ne? Ka yi laifi biyu, ka yi caca, ka karya rantsuwa. Na farko tuba, na biyu kaffara. Ka ciyar da miskinai goma, ka tashi ka tafi wurin uwarka. Ƙin zuwa wurinta shi ne zai zama na uku."

Rabi'u ya ce, "Malam, in na je na tarar..."

Liman ya ce, "In ka tarar, kwananta ne ya ƙare. In ka zauna a nan ma zai ƙare ranar da zai ƙare, sai dai ba ka gan ta ba."

Na sayar da tukunyar gashi da ragar tsire. Mame ta dafa wake da shinkafa, ta ƙi karɓar ladan girki, amma liman ya ce kuɗin abincin dole ya fito daga wurinmu, ta karɓa tana ƙunƙuni. Rabi'u da hannunsa ya raba wa 'yan dako da makafi a tashar da aka tsince shi. Alhaji Ɗan'asabe bai ce ya yi kuskure ba, ni ma ban nema ba. Amma ranar tafiyarmu ya kira ni zaure ya miƙo mini wani tsumma. Wuƙar Baba ce a ciki, ashe ya sa an bi unguwa-unguwa har an gano mai tsiren da ya saye ta. Ya ce, "Abin da ya rage tsakaninmu, ka aiko idan Allah ya hore. Ka gaishe da tsohuwa."

Dawowar ta fi tafiyar wuya. Kaffara ta sa ya shiga mota, amma ba ta cire masa tsoron ba. Wayar tana aljihuna yanzu, duk lokacin da ta yi ƙara sai ya damƙe hannuna, idonsa ya fito. Ni kuma ban iya karanta sunan mai kira ba, sai na ɗauka mu ji tare. A Aflawo ya ce zai zaga, na bi shi na tsaya a bakin ƙofa. A Seme ya zauna a ƙasa ya ce ƙafarsa ta ƙi. A Legas muka rasa motar Kaduna ta ranar saboda ya ƙi hawa, muka kwana a masallacin tasha, na ɗaura gefen rigata da tasa. Ba na yi masa faɗa. Abin da Fuseini ya koya mini nake yi, in ce, "Bari mu jira ta lafa." Mu zauna har ta lafa.

Da hantsi muka hau gadar Kaduna. Ya ja hularsa ya rufe fuska. Daga tasha muka hau Keke zuwa Unguwar Shanu, yana ta leƙen layinmu ko zai ga tabarmi da mutane a ƙofar gida. Babu kowa sai akuyar maƙwabta. A zaure ya tsaya cak. Matarsa ta leƙo ta koma da gudu. Sai na ji takun Inna, tana jan silifas ɗinta.

Ya zube a ƙasa, ya kifa goshinsa a kan gwiwa. Ta ce, "Auta." Bai ɗago ba. Na riga na gaya mata komai a waya tun muna Legas, ban rage ba. Ta sunkuya da ƙyar saboda ciwon bayanta, ta kama haɓarsa da hannu biyu.

Ta ce, "Buɗe idon. Da sunana aka ɗaure ka, ba a tambaye ni ba. Dube ni."

Ya buɗe. Suka daɗe a haka. Sannan ta ce, "Ka rame kamar kazar mayu. Ku shigo, kunu ya huce."

Ba zan ce ya warke ba. Yana zuwa asibiti ranar da aka sa masa, ni nake raka shi. Matarsa ta koma gidansu, ta ce sai ta ga kamun ludayinsa, ban ga laifinta ba. Mutumin da ya haifi 'ya, a hannuna yake karɓar kuɗin aski, wani lokaci ya karɓa yana huci, ya kwana biyu bai gaishe ni ba. Saboda wayar nan na shiga ajin yaƙi da jahilci a Unguwar Dosa, da furfurata, don mai riƙon amana dole ya san abin da ke shiga da abin da ke fita.

Da damina ta zagayo, wata rana aka yini ana ruwa, ba mu yi shanya ba. Rabi'u ya ari wayar wani a bakin titi, ya zuba kuɗin cinikin da wani ya damƙa masa a caca ban sani ba. Da yamma ina ɗakin Inna ina wasa wuƙar Baba, sai ga shi ya shigo jiƙe sharkaf. Ya zauna a bakin ƙofa. Da na ga fuskarsa na san abin da ya faru. Ya ɗaga kai ya dube ta ido cikin ido.

Ya ce, "Inna, na yi."

Ta daɗe tana kallonsa, hawaye na bin kumatunta. Sannan ta ce, "Na ji. Matso ciki, ruwa na dukan bayanka."